Haƙoran Ajalar Kawu Abakar

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Kawu Abakar makwancinsa a Umdurman, kuma sai bana na samu bakin yin maganarsa a jarida. Ba mantuwa ce ta hana ni ba, kunya ce. Mutumin ya bar mini wasiyya mai sharaɗi biyu, na shafe shekara shida da 'yan watanni ina riƙe da ɗaya, ɗayan yana jan ƙasa. Wanda bai cika alkawari ba kuwa, ko yabon mamaci ya tashi yi sai ya ji harshensa ya yi nauyi.

Ga mai karatun da ba ɗan nan ba ne, bari in fara da kalma ɗaya. Abin da 'yan'uwanmu na Kano da Damagaram ke kira keke, mu Hausawan Sudan ajala muke cewa, kamar yadda Larabawan gari ke faɗa, kuma mace ce a bakinmu. Kawu Abakar, ƙanen mahaifiyata, yana da ajala guda wadda duk unguwa ta sani. Ta tsere ce, 'yar Italiya, siririya, ƙarfe zalla, kanta a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Wani hawaja, wato Bature, Bagirike mai gidan burodi, wanda Kawu ya daɗe yana yi wa gyaran inji, shi ya bar masa ita ranar da zai koma ƙasarsu. Don hawa duwatsu aka ƙera ta, Allah Ya kawo ta garin da ke shimfiɗe kamar faifai, inda ba mu da tudu ko ɗaya sai kubri, wato gadar da ke haɗa mu da Kartum.

Har yanzu ina ganinsa a kanta. Jallabiya a tattare a ƙugu, rawani an ɗaure shi tamau, baya a sunkuye kamar mai ruku'u. Hannun giyar ba a kai yake ba, can ƙasa yake a jikin ƙarfen da ke tsakanin gwiwoyi, saboda haka duk sanda zai canza giya sai ya kai hannu ƙasa, wanda bai sani ba ya ɗauka ƙaurinsa yake sosawa. Bai taɓa shiga tsere da kowa ba, amma in mai raksha, adaidaita sahun nan garin, ya wuce shi, ranar gidan nan ba a cin abincin rana cikin kwanciyar hankali.

Kawu yana da kalma guda da yake auna duniya da ita, ita ce asli, wato na ainihi, wanda ba jabu ba. Ganyen shayi ko asli ne ko ba asli ba. Limami haka, suruki haka. Ajalarsa kuwa ita ce ma'aunin da ake gwada sauran. In ya jingine ta a wurin mai shayi, sai ya ɗalli firam ɗin da farce, ya sa kowa ya yi shiru a saurara. "Kun ji? Ƙarfe ne ke magana. Wallai tun daga hannun hawaja ko kusa ɗaya ba a canza mata ba." In wani ya ce ai ta tsufa, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Mun yarda da shi, don jikinta kullum baƙi yake wuluk da tsohon mai, babu wani abu mai ƙyalli da zai ƙaryata shi.

Wasiyyar da na ambata, kuskurena ne ya haife ta. Wata shekara Kawu ya kai ajalar fenti can wani wuri a Bahri, ta yi mako uku ba ta dawo ba. A makonnin nan ya zama kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai, yana yawo a ƙafa yana neman wanda zai yi wa faɗa. Dangi duka suka shiga uku. Ranar da ta dawo, don murna, na ɗauki waya na kira yayarsu Inna Hawwa da ke unguwar Hajj Yusuf, wadda kullum take tambayar halin da ake ciki. Inna Hawwa kunnenta ya yi nauyi, Hausarta kuma irin ta kaka ce, keke har gobe keke take ce masa. Na ce, "Inna, ajalar Kawu ta zo yau da safe." Na ji ta ce innalillahi, layi ya yanke. Ni kuwa na ɗauka caji ne ya ƙare mata. Ashe abin da ya shiga kunnenta shi ne ajalin Kawu ya zo.

Kafin azahar ƙananan bas biyu suka tsaya a bakin lungunmu, cike da mata, da sukari, da ganyen shayi, da manyan tukwane. Tun daga titi aka fara kuka. Suka kutso cikin gida suka tarar da mamaci zaune a inuwar rumfa, daga shi sai shimi, yana goge wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya. Kukan ya riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya, don na ƙarshen layi ba su ga abin da na gaba suka gani ba. Inna Hawwa ta dube shi, ta dubi ajala, ta ce, "Abakar, ashe kai ko mutuwar ma ba za ka yi ta yadda mutane ke yi ba?" Tunda an zo an zo, dole aka ɗora tukwane. Kawu ya sa jallabiya ya zauna cikin zaman makokinsa, yana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, da waɗanda kukansu ba asli ba ne.

Bayan la'asar, da gida ya watse, ya kira ni. Babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Haruna, yau na ga makokina da idona, ban ji wanda ya tambayi ajala ba. In na tafi taka ce. Sharaɗi biyu. Kada ka bari ta kwanta, ajala in ta kwanta mutuwa take yi. Kada kuma ka sa mata abin da ba asli ba." Na ce na ɗauka. An ce alkawari kaya ne, amma ranar ban ji nauyinsa ba, don ina ganin mutumin da ya tashi daga makokinsa ya ci kwano biyu ba yanzu zai tafi ba.

Shekara huɗu bayan haka ya tafi, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba doguwar jinya. Ni aka sake ɗora wa kiran Inna Hawwa. Na faɗa mata ajalin Kawu ya zo, ta ce, "Faɗi a hankali, ya waladi, ɗana. Da a ta ƙare, ko da i?" Na ce da i, Inna. Ba ta yi kuka a waya ba, ba ta kuma tara kowa ba. Ita kaɗai ta zo a raksha, sai da ta ɗaga mayafin ta gani da idonta sannan ta zauna a ƙasa. Duk sanda na tuna wannan tambayar sai in rasa wanne zan fara, dariya ko hawaye.

Bayan arba'in na sauko da ajala da niyyar cika alkawari. Ni malamin lissafi ne a wata makaranta a unguwar Alsahafa, ƙetaren kubri, na ce daga yau a kanta zan riƙa zuwa aiki. Mako ɗaya na yi. Birkinta shawara yake ba taya, ba umarni ba. Ranar farko da na sunkuya neman hannun giya, da na ɗago sai na ga keyar direban raksha a gaban hancina. Kubri kuwa shi ya gama da ni. Ina kai rabin hawan gwiwata ta dama ta ce ita ba ta cikin wasiyya, dole na sauka na tura, tsofaffi masu ɗauke da kaya suna wuce ni suna yi mini sannu. Sarƙa ta fara tsalle don ta cinye. Na karaɗe Kasuwar Libiya ta nan garin, Suk Libiya a bakinmu, ina neman irinta 'yar Italiya ta asli, wani mai shago ya tambaye ni ko gidan tarihi nake yi wa aiki. Sabuwa na nan rututu, amma na rantse ba zan sa ba. Gaba kura, baya sayaki. A ƙarshe na rataye ta a rumfa, na riƙe sharaɗi na biyu, na karya na farko. Kullum da safe ta ƙarƙashinta nake wucewa, kaina a ƙasa.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga abin da muka gani bayansa. Da ya ga samarin da suka riƙa fitowa bakin Nilu da asuba cikin matsattsun kaya kamar an zuba su a ciki, a kan ajalolin da ake ɗagawa da yatsa biyu, na san sai ya ɗalli ɗaya da farce, ya ce ai wannan robar wanka ce. Da ya ji akwai giyar da batir ke canzawa, sai ya tambaya in an ɗauke wuta ko a giya ɗaya za a kwana. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne wanda ya faru da muka dawo gida bayan tashin hankalin da ya watsa mu daga garin nan. Mun tarar an kwashe komai, firji, fanka, katifu, har wayar wuta an zare daga bango. Ajala tana nan a rataye, ko taɓa ta ba a yi ba. Ni na yi hamdala. Shi da cin mutunci zai ɗauke shi, ya ce ɓarayin zamani ma ba asli ba ne.

Dawowar nan ce ta matsa mini. Abin hawa ya yi wuya, mai ya yi tsada, kowa ya kakkaɓe tsohuwar ajalarsa ya hau titi, tawa kuwa tana lilo a rumfa. Na riƙa kallon bidiyo a waya, ashe a wasu ƙasashe akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su samo tsohon firam na ƙarfe su ɗora masa kayan zamani, ya fito yana gudu kamar jiya aka ƙera shi. Na yi ta juya abin har na gaji da kaina. Wata safiya na sauko da ita na tura ta wurin Usta Jibrin, wani ajalati, wato mai gyaran ajala, sa'ana, ɗan mutanen Jazira, wanda bai daɗe da buɗe rumfa a kasuwarmu ba kuma bai san Kawu ba. Ina tafe ina jin kamar saniyar marayu na sato.

Usta ya zagaya ta sau biyu, ya ce firam ɗin ya fi ni lafiya. Ya lissafa abin da za a yi: sabon birki, sabuwar sarƙa, a ɗauko hannun giya daga ƙasa a kawo shi kai inda yatsu suke, sannan a canza giyar baya. Ya yi mini bayani cewa gwargwadon yawan haƙoran babban faifan baya, gwargwadon sauƙin hawan tudu. Sai dai giyar zamani ta fi ta da faɗi, dole a ɗan buɗa ƙarafa biyun nan da ke riƙe tayar baya. Ya jawo wani dogon katako daga bayan rumfa, ya ce da shi ake yi, a hankali, ƙarfe yana da haƙuri. Ina ganin katakon na riƙe kan ajalar. Na ce ya dakata in yi wa Kawu fatiha tukuna.

Kafin in shafa, ya ɗauko ma'auni ya gwada tsakanin ƙarafan. Ya sake gwadawa. Ya ce, "Ya ustaz, ai an riga ni. Irin waɗannan milimita ɗari da ashirin suke zuwa, wannan ɗari da ashirin da shida ce. Kuma faifai biyar ake yi musu, ƙirga naka." Na ƙirga, shida. Malamin lissafi guda, shekara talatin ina kallon abu ban taɓa ƙirgawa ba. Usta ya jiƙa tsumma da fetur ya fara goge baƙin man nan. Rubutu ya riƙa fitowa, wani na ƙasar Japan, wani na Sin, wani an bi sunan da magagari an kankare da gangan. Feda ba tata ba ce, da'irar taya ba tata ba ce, ɗan ƙarfen da ke tura sarƙa daga faifai zuwa faifai ya girmi wayata da kaɗan ne kawai. Da aka gama bincike, abin da ya rage na hawaja shi ne firam, da kai, da wasu kusoshi uku da Usta ya ce shi ba zai rantse a kansu ba. Lallai ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na Kawu ya yi zurfi, tunda sai da ya haura shekara shida a kabari aka kai ƙarshensa.

Na koma gida raina a ɓace. Shekara shida ina sunkuyar da kai saboda dokar da mai ita ya taka tun ina saurayi. Na tarar da Hajja Zahra, matar Kawu, wadda ke zaune tare da mu tun rasuwarsa, tana soya kofi a rumfa. Na zazzage mata komai kamar mai kai ƙara. Ta yi dariya har sai da ta ajiye kaskon ta share ido da gefen mayafi.

"Sai yau ka gani?" ta ce. "To ni ce mai sayowa. Yani kana so Abakar ya tsaya a Suk Libiya yana tambayar sabon kaya, gobe ya zauna wurin mai shayi da wane baki? Shi zai faɗa min, ni in haddace, in je in sayo, in sa a ƙasan kwando in rufe da albasa. A gida ya shafe shi da baƙin mai, ya bar shi a rana kwana uku ya tsufa."

Makonni ukun nan na fenti, waɗanda suka jawo zaman makoki, ashe lokacin ne aka buɗa ƙarafan aka ƙara faifai na shida, can inda ba wanda ya san shi. Hajja ta riƙa lissafa mini a yatsu kamar mai faɗin shekarun 'ya'yanta. "Haƙori ashirin da ɗaya ta zo da shi. Shekarar da ya fara dawowa daga kubri yana haki, muka sa ashirin da huɗu. Shekarar da ya fara salla a kan kujera, ashirin da takwas. Duk haƙorin da ya faɗi daga bakinsa sai mu mayar wa ajala." Na tambaye ta me ya sa duk wannan ɓoye-ɓoyen. Ta ce da 'ya'yansa sun san ƙafa ta fara gazawa, da sun karɓe ajalar sun zaunar da shi, shi kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar a zaunar da shi. Na ce to ni me na yi masa da ya ɗaure ni da igiyar da shi ya kwance? Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya waladi. Ya ɗauka kana da wayo. Cewa ya yi, Haruna zai gane."

Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma tsakanin miji da mata sai Allah. Shekara da shekaru muna ganin Hajja ta dawo daga kasuwa da kwando a ka, ba wanda ya san ita ce babbar ajalatiyar unguwa.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane. Ina ganinsa na gane shi. Ranar da muka gudu daga gida, kowa ya ɗauki abin da hannu zai iya, ni takardun makaranta, ita wannan. A hanya na karɓa na riƙe mata ina mita, ina cewa tsohuwa ta bar katifa ta ɗauko dutse. Ta kwance shi a gabana. Giyar baya ce, sabuwa fil, faifai bakwai, naɗe a takarda mai maiƙo, tana ƙyalli. Ta ɗora yatsa a kan babban faifan. "Talatin da biyu. Ranar Laraba na sayo masa. Ya ce bari a sauko Juma'a ya shafa mata mai."

Ita Usta ya ɗaura, kuma ta shiga daidai, katako bai yi aiki ba. Ya tambaye ni ko a baƙanta sabbin kayan kamar yadda aka saba, na ce a bar su su yi ƙyalli, an ɓoye ya isa.

Yanzu in na zauna ina auna abin da ya rage na Kawu, ba kalmarsa nake samu ba, don kalmar ta faɗi a gaban tsumma da fetur. Mu da kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya da su a bakin kogin nan, har muka wayi gari muna kiran keke da sunan da ke tayar da makoki, ba mu ne za mu yi wa wani gorin asli ba. Abin da ya rage nasa shi ne taurin kan mutumin da ya ƙi sauka, da matar da ta rufa masa asiri da albasa har ya mutu yana ganin kansa gwarzo. Ina kewarsa ƙwarai, har da ƙaryarsa.

Ranar da na fara komawa makaranta a kanta, na iso gindin kubri ban sauka ba. Na danna hannun giya da yatsa, sarƙa ta hau faifai bayan faifai har ta kai na ƙarshe, sai na ji ƙafata ta yi sakayau. Na haye a zaune, gwiwa ba ta ce uffan ba. Ina kaiwa tsakiyar gada abin ya faɗo mini, cewa wannan sauƙin ba ni aka sayo wa ba, na wani tsoho ne da ya yi ta haki a daidai wurin nan yana murmushi don kada a gane, kuma saura kwana biyu ya ɗanɗana shi. Na tsaya a gefe na sunkuya, wai ina gyara ƙafar wando. Masu raksha suna ta yi mini hon, na bar su suka yi.

Allah Ya jiƙan Kawu Abakar, Ya yafe masa, Ya sa ya haye tasa gadar a zaune, ba haki.